Darasin Kimiyya: Daga Kwalin Kaset zuwa Manhajar Waya

Darasinmu na yau a kan satar fasaha yake, musamman irin wadda ake yi wa ƙananan masu haɗa manhajojin waya da wasanninta. Za mu ga yadda na'ura take kwafe abu, mu ga yadda ake fasa makullin manhaja, sannan mu yi lissafin da zai nuna mana wanda asarar take faɗa wa. Kowa ya ajiye biro da takarda kusa.

Yadda kwafi ya sauya a garin nan

Tun kafin injin ɗab'i ya iso, a cikin birnin nan na Kano akwai masu rayuwa da kwafi. Malami ko almajiri zai zauna da alƙalami da tawada yana juye littafi shafi bayan shafi, wata da watanni, kafin a kai wa wanda ya sa aikin ko a fitar da shi kasuwar Kurmi. Mai son na biyu sai ya sake jira.

Sai zamanin kaset ya zo. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin bidiyon Hausa, kuma ba a daɗe ba kasuwar Ƙofar Wambai ta zama inda dillalai daga ko'ina a Arewa, har da na Nijar, suke zuwa saro fina-finai. Wani masani na jami'ar Columbia a Amurka, Brian Larkin, ya yi bincike a wannan kasuwa, ya fitar da littafi a 2008. Ya nuna cewa hanyar da 'yan kasuwa suka shimfiɗa don buga fina-finan Indiya da na Amurka ba da izinin masu su ba, ita fim ɗin Hausa ya hau ya yaɗu. Abin da ya shafi darasinmu shi ne dabarar da furodusoshi suka yi. Furodusa yakan ba ɗan kasuwa uwar kaset, ɗan kasuwa ya buga da injinansa, amma kwalin da ake zura kaset ɗin a ciki, mai ɗauke da hotunan 'yan wasa, furodusa ne yake bugawa yana sayar masa. Da kwali ake ƙirga ciniki: kwali dubu, kuɗin kaset dubu. Ana ha'inci a lokacin ma, amma dai akwai wani abu da hannu yake taɓawa, ido yake ƙirgawa.

Akwai kuma wani birki da ita kanta na'urar take takawa. Zaren kaset shafe yake da ƙananan ƙwayoyi masu ɗaukar maganaɗisu, kuma ƙarfin maganaɗisun yana hawa yana sauka ne daidai da sauti da hoto. Injin da yake kwafewa ba ya bambance saƙon gaskiya da ƙazantar da ta shiga cikinsa, duka yake kwashewa, ya kuma ƙara tasa. Shi ya sa kwafin da aka yi daga kwafi yake fitowa da dusashewar kala da shaƙewar murya. Ku tambayi iyayenku, za su ba ku labarin fim ɗin da hotonsa yake rawa. Mai son kallo mai kyau dole ya nemi na kusa da asali.

Waya da kwamfuta ba haka suke ajiya ba. Hoto ne, waƙa ce, wasa ne, duk sai sun mai da shi jerin sifili da ɗaya. Kowane guda ana ce masa bit, takwas kuma bait, megabait ɗaya kuwa wajen bait miliyan ne. Wasa mai nauyin megabait 50 ke nan yana da sifili da ɗaya kimanin miliyan 400. Yanzu ku lura da wannan sosai, domin shi ne ginshiƙin darasin. Mu ɗauka na'ura tana nuna ɗaya da wutar lantarki mai ƙarfin bolt 5, sifili kuma da rashin wuta. Idan saƙon ya raunana a hanya ya iso da bolt 4.6, mai karɓa ba zai rubuta 4.6 ba. Zai ce wannan ya fi kusa da ɗaya, ya rubuta sabon ɗaya cikakke. Ƙazantar ta tsaya nan, ba ta wuce zuwa kwafi na gaba ba. Bayan haka akwai wasu lambobin tantancewa da ake liƙa wa saƙon, idan wani yanki ya lalace a sake turo shi. Don haka kwafi na dubu bai bambanta da na farko ba ko da bit ɗaya.

Kuɗin kwafin ma ya kusa zama babu. A Farm Centre, da titin Beirut, da kan kwanar kusan kowace unguwa, akwai 'yan dawunlodin da kwamfuta cike da fina-finai da wasanni, su cika maka memori da kuɗi ƙalilan. Tsakanin abokai kuwa Xender ta wadatar: waya ɗaya ta buɗe ƙaramin layin Wi-Fi nata, ɗayar ta shiga, cikin daƙiƙu kaɗan an gama, ba a taɓa data ba.

Ku rubuta wannan lissafi. Mutum ɗaya ya sayi wasa. Kullum duk mai shi ya tura wa mutum ɗaya kacal. Rana ta farko sun zama 2, ta biyu 4, ta uku 8. Rana ta 10 sun kai 1,024. Rana ta 20 sun kai 1,048,576. A zahiri yaɗuwar takan lafa kafin nan, tunda ba kowa yake so ba, amma kun ga siffar abin. Mai wasan kuwa kuɗin mutum ɗaya ya karɓa.

Wannan shi ya ci kasuwar faifan Kannywood. Da memori da waya suka maye gurbin faifai, kwali ya rasa amfani. Masu fim suka koma neman wata ƙofar: tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, manhajar Northflix a 2019, da YouTube, inda shiri mai dogon zango irin su Izzar So ya samu karɓuwa daga 2020.

Yadda ake fasa manhaja

Manhajar wayar Android tana zuwa ne a ƙunshi ɗaya da ake kira APK. A cikinsa akwai hotuna, sautuka, da umarnin da mai haɗawa ya rubuta. Tunda ya san ana iya kwafe ƙunshin, sai ya dasa tambaya a cikin umarnin. Duk lokacin da aka buɗe manhajar, ta tuntuɓi Play Store ta ce: mai wannan wayar ya biya? In an ce e, ta ci gaba, in an ce a'a, ta rufe. Wannan tambaya ita ce kwalin mai manhaja.

Rauninta a fili yake. Ƙunshin yana hannun ɓarawo, a wayarsa, yana da lokacin duniya na bincike. Akwai kayan aikin da suke warware umarnin su mai da shi yadda mutum zai iya karantawa. Sai ya nemo inda tambayar take, ya gyara ta yadda amsar kullum za ta zama e, ya sake ɗaure ƙunshin ya saka a intanet. Shi ne abin da kuke ji ana kira mod. Mutum ɗaya ne kawai ake bukata ya iya, sauran miliyoyin turawa ce tasu. Fim ɗin da aka kulle a manhajar kallo ma haka ne, domin duk abin da zai fito a fuskar waya ido ya gani, kyamara ma za ta iya gani.

Akwai wani abu a nan da nake so ku riƙe saboda tsaron kanku. Kowace manhaja tana ɗauke da sa hannun mai ita, wato wata doguwar lamba da ake samarwa daga abin da yake cikin ƙunshin da kuma mabuɗin sirri da shi kaɗai ya mallaka. Aka taɓa bit ɗaya, sa hannun ya daina dacewa. Dole mai fasawa ya sa nasa hannun, kuma daga nan babu mai ba ka tabbacin abin da yake ciki. Wanda ya iya cire tambaya ya iya ƙara umarni. Wasu sukan musanya lambar talla, kuɗin tallar ya riƙa zuwa aljihunsu. Wasu sukan dasa abin da zai karanta saƙonninka, alhali a wannan wayar manhajar bankinka take, ta nan kuma lambar sirrin cire kuɗi take shigowa. In kuka ga wasan tseren mota yana neman izinin karanta saƙo ko ganin lambobin mutanenku, ku tsaya ku tambayi kanku me zai yi da su.

Wa asarar take faɗa wa

Ga shaida daga waɗanda suka ƙirga. A watan Afrilu na 2013, wasu 'yan'uwa biyu, masu ƙaramin kamfani Greenheart Games na Ostareliya, suka fitar da wasansu na farko, Game Dev Tycoon, a kan kusan dala 8. Da kansu suka saki fasasshen kwafi don su ga abin da zai faru. Bayan kwana ɗaya, mutum 214 ne suke buga na saye, 3,104 suke buga na sata, wato kashi 93.6 cikin ɗari. A Janairun 2015 kamfanin ustwo na Landan ya bayyana cewa kashi 5 cikin ɗari kawai na wayoyin Android da aka saka wa wasansu Monument Valley ne aka biya, a iPhone kuwa kashi 40.

Mai ilimin kimiyya ba ya haɗiye alƙaluma bai tauna ba. A cikin wannan adadi na ustwo akwai waɗanda suka saya sau ɗaya suka saka a na'urorinsu biyu. Sannan ba duk mai kwafin sata ne zai saya ba da a ce bai samu na banza ba. Kuskure ne a ninka yawan kwafin da farashi a ce ga asarar da aka yi. Amma ko kaɗan ne daga cikinsu suka biya, lissafin ƙaramin mai sana'a zai canza gaba ɗaya, kuma yanzu za ku gani.

Mu ƙaddara misali. Wata ɗaliba a Yakasai ta haɗa manhajar koya wa yara karatun Hausa da boko da ajami. Ta biya Google dala 25 na rajista, ta biya mai zane da mai murya, ga data, ga man janareta, duka ya kama naira 600,000 a wata shida. Ta sa farashi naira 500. Google yana cire kashi 15 cikin ɗari daga cinikin ƙananan masu manhaja, saura naira 425. Raba 600,000 da 425: tana bukatar masu saye 1,412 kafin ta mai da uwar kuɗi, ba a yi maganar ladan wahalarta ba. Idan kashi 5 cikin ɗari ne suke biya, sai manhajar ta shiga waya 28,240 kafin ta kai nan. Kusan duk kuɗin haɗa manhaja ana kashe shi ne kafin a sayar da kwafi na farko. In bai dawo ba, babu kuɗin gyara, babu manhaja ta biyu.

Manyan kamfanoni sun riga sun samo mafita. Wasanni irin su PUBG da Free Fire kyauta ake saukewa, amma ainihin wasan yana gudana ne a manyan kwamfutocin kamfanin, a can ake ajiye lissafin abin da kowa ya saya. Kwafe APK ɗinsu bai rage su da komai ba, ƙarin 'yan wasa ma ya kawo musu. Wannan hanya tana bukatar jari mai nauyi, kuma tana bukatar mai waya ya kasance da data a koyaushe. Ita kuwa ɗalibarmu, don yaran da iyayensu ba su da data ta yi aikinta, dole manhajar ta yi aiki babu intanet, kuma irin wannan ita ta fi sauƙin fasawa. Wannan ne yake damuna a matsayina na malami. Manhajar da ta fi dacewa da halin mutanenmu ita ce ta fi rashin kariya, kamfanin waje kuwa ba zai zo ya koya wa ɗanka ajami ba.

Adalci ne mu faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai masu niyyar biya da hanya ta gagare su. Daga wajajen 2022 bankunan Nijeriya da dama suka dakatar da sayayyar ƙasashen waje da katin naira, aka ɗauki tsawon lokaci a haka. Mai haɗa manhaja a Kano ya kamata ya yi tunanin biya ta tiransifa da farashin da aljihun ɗalibi zai ɗauka. Haka kuma ba kowane turi ne sata ba: manhaja irin VLC, masu ita sun yarda kowa ya kwafa ya raba. Izinin mai abu shi ne ma'auni.

Doka ta yi magana. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, ta kare shirye-shiryen kwamfuta kamar yadda ta kare littattafai, ta haramta fasa makullin da mai aiki ya saka, ta kuma ba shi damar neman a sauke kayansa daga shafin da aka ɗora ba izini. A ɓangaren addini, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin karewa ne a shari'a, bai halatta a keta shi ba. Sai dai hukuma tana iya kai samame shago, ba ta iya tsayawa tsakanin wayoyi biyu a zaure.

Aikin gida: ku sake lissafin ɗalibar Yakasai, ku ɗauka ta rage farashi zuwa naira 200, masu biya kuma suka ƙaru zuwa kashi 20 cikin ɗari. Waya nawa manhajar za ta shiga kafin uwar kuɗi ta dawo? Bayan haka kowa ya buɗe saitin wayar gidansu, ya duba manhajojin da suke da izinin karanta saƙo, ya rubuto sunayensu da inda aka samo kowace. Mako mai zuwa da su za mu fara darasin mabuɗin sirri.