Tarakta na haƙa rami da tayoyinta: mu sayi babba?

Tambaya: Ƙungiyarmu ta manoma tana da tarakta Massey Ferguson 375. Da mun kafa garma a jigawa sai tayoyin baya su yi ta juyawa suna tone ƙasa, ga mai na ƙonewa, aiki kuwa ba ya gaba. Wasu sun ce mu sayar mu sayi mai ƙarfin doki 100. Ina mafita? Daga wani manomi a Ringim, Jihar Jigawa.

Amsa: Malam, don Allah ku dakata da maganar sayarwa. Doki 75 da taku ke da shi ya ishi garma mai faifai uku a jigawa. Ƙarfin inji ta taya yake isa ƙasa, ita kuwa taya ba ta kama ƙasa sai an danne ta da nauyi. Ko ƙato ne, in ya taka santsi, yaro ma sai ya ture shi.

Ku fara da gwaji. A shafa alli a gefen tayar baya. Direba ya ɗage garma ya tafi har tayar ta yi juyi goma, ku auna nisan da taku. Sai ya kafa garma ya sake juyi goma. In na farko taku 50 ne, na biyu 44, lafiya lau: zamewar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ita ake so. In ya sauko 38, kusan rubu'in manku a banza yake tafiya.

Maganin ba shi da tsada. A juya tayar baya bakin iska ya koma sama, a ɗura ruwa har ya kai nan, wato kashi uku cikin huɗu, a cike sauran da iska daidai yadda littafin taraktar ya ce. Iska in ta yi yawa, kaɗan daga tayar ne ke taɓa ƙasa. Ana kuma ɗaura ƙarafan nauyi a jikin wili. In haƙoran taya sun cinye kuwa, sai sabuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne hannun haidirolik da ke gefen kujera. Shi ke sarrafa dabarar da Harry Ferguson ya yi wa rajista tun 1926, wadda ke sa garma ta ɗan ɗago da kanta in ta ji tauri, nauyinta ya koma kan tayoyin baya. Direbobi da yawa ba su taɓa wannan hannu, sai su nutsa garma kawai su taka totur. Ku sa wanda ya iya ya nuna wa naku.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Nauyi mai yawa a danshi yana danƙare ƙasa, ruwa ya kasa shiga, saiwa ta kasa sauka. In kuna da fadamar shinkafa, can mai jan ƙafa huɗu ko ƙaramar tarakta ta hannu ta fi dacewa, kuma a sauke ƙarafan kafin a shiga.