Ƙari a Bututun Maɗaciya: Ko Daji Ne?

Tambaya: Likita, hoto ya nuna ƙari a bututun maɗaciyar mahaifina, idanunsa sun yi ɗorawa. Ciwon daji ne?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ba kowane ƙari ne daji ba. Akwai mara illa, akwai kuma kumburin da ake kira cutar IgG4, wanda ke matse bututun har a hoto ya yi kama da daji sak, alhali magani kan sassauta shi. Ko gwajin jini na CA 19-9, da ake neman alamar daji da shi, yakan hau saboda toshewa kawai. Shi ya sa likitoci kan ɗebi tsoka a duba, wani lokaci sai an yi tiyata ake tabbatarwa. Don Allah kada ku tsaya jiƙe-jiƙen ciwon shawara. Ku kai shi asibitin koyarwa cikin makon nan.