Darasi: Yadda Ake Haɗa Katin Sadarwa Biyu Don Kada Sabar Ta Kuɓuce Maka

Darasinmu na yau ya shafi sabar, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajojin banki, makarantu da kamfanonin waya.

Duk mai sana'ar POS a Kajiji ko Bodinga ya san amfanin ajiye layi biyu, MTN da Airtel. Idan sabis ɗin ɗaya ya ɗauke, sai ya koma ɗayan, ciniki ya ci gaba. Irin wannan dabara ake yi wa sabar, sai dai ita da kanta take sauya hanya.

Mece ce hanyar kulawa?

Sabar guda tana iya ɗaukar ƙananan kwamfutoci masu yawa a cikinta ta hanyar manhaja irin su VMware ESXi, Hyper-V ko Proxmox. Akwai hanyar da injiniya yake bi ya shiga sabar ɗin daga nesa, ya kunna, ya kashe, ya gyara. Ita ce hanyar kulawa. Idan kebul ɗaya ne kaɗai ke ɗauke da ita kuma ya lalace, ƙananan kwamfutocin na iya ci gaba da aiki, amma ba ka da ikon taɓa su sai ka je wurin da ƙafarka.

Matakai a ESXi

1. Saka kebul biyu a ƙofofi biyu na sabar. ESXi na kiransu vmnic0 da vmnic1.
2. Kai kowane kebul zuwa suwic daban.
3. Shiga Networking, zaɓi vSwitch0, ka danna Add uplink ka ƙara vmnic1.
4. Buɗe Management Network, ka je sashen NIC teaming.
5. Bar vmnic0 a matsayin Active, vmnic1 kuma Standby, wato mai jiran gado.
6. Tabbatar lambar VLAN ta hanyar kulawa tana wucewa a duka suwic biyun.

Matakai a Proxmox

Proxmox kyauta ake sauke shi, don haka ya fi sauƙi ga ɗalibi. A sashen Network, ƙirƙiri Linux Bond mai suna bond0, saka katunan biyu, ka zaɓi active-backup. Daga nan sai ka ɗora vmbr0 a kan bond0. Wannan tsarin ba ya buƙatar wani saiti na musamman a suwic.

Kurakuran da ke cin mutane

Na farko kuma mafi girma: kebul biyu a suwic ɗaya. Ranar da suwic ɗin ya ƙone ko wutarsa ta ɗauke, duka hanyoyin sun tafi tare. Mun ga misali a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da kebul-kebul na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma kusan lokaci guda. Intanet da manhajojin bankuna sun samu matsala a Najeriya, domin hanyoyin da ake ganin daban-daban ne sun bi ta wuri ɗaya.

Na biyu: zaɓar IP hash ko LACP ba tare da an saita suwic ɗin ya dace ba. Hakan na iya yanke ka daga sabar nan take. Ka kuma sani cewa vSwitch na yau da kullum ba ya aiki da LACP.

Na uku: yin wannan gyara daga nesa. Ka yi shi kana kusa da sabar, da allo da kibod a gefe, domin idan ka yanke kanka, a ESXi za ka danna F2 ka mayar da saitin.

Gwaji

Kada ka yarda da saitin sai ka gwada. Buɗe ping zuwa adireshin sabar, sannan ka zare kebul na farko. Idan amsa ta ci gaba, ko ta tsaya na ɗan lokaci ta dawo, aiki ya yi. Mayar da shi, ka zare na biyu. Daga ƙarshe ka kashe suwic ɗaya gaba ɗaya ka gani.

A darasi na gaba, in Allah ya yarda, za mu duba yadda ake ware hanyar kulawa daga sauran hanyoyi ta amfani da VLAN.