Lambobin Rukuni: Abin da Mai Gina Babbar Manhajar Kwamfuta Zai Lura da Shi

Duk ɗalibin da ya taɓa zama jarrabawar kammala sakandare ya san cewa lambarsa ita ce shaidarsa. Idan ya rubuta lambar wani a kan takardarsa, sakamakonsa ya tafi ga wancan, komai kyawun amsoshinsa. Haka kwamfuta take ɗaukar masu amfani da ita a tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma ginawa a ɗakunan binciken Bell na Amurka a 1969, da kuma Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991.

A waɗannan tsare-tsare kowane fayil yana da mai shi, yana kuma da rukunin da ya shiga hannunsu. Rukuni tarin masu amfani ne da aka ba izini iri ɗaya, kamar na karanta fayil ko na taɓa wata na'ura. Ana ajiye jerin rukunonin a fayil mai suna /etc/group, kowane layi da sunan rukuni da lambarsa. To amma abin da ake rubutawa a jikin fayil a kan faifai lambar ce kurum. Sunan don idon ɗan Adam ne: idan ka nemi ganin jerin fayiloli, sai kwamfuta ta leƙa /etc/group ta fassara maka lambar zuwa suna.

Mai sayen kwamfuta da manhajarta a shirye bai cika sanin wannan ba, domin an riga an zaɓa masa. Wanda ya ɗauri aniyar harhaɗa tasa babbar manhajar tun daga tushe, kamar yadda littafin Linux From Scratch na Gerard Beekmans yake koyarwa tun 1999, shi zai zauna ya rubuta jerin da hannunsa.

Lambobin da suka zama tilas ba su da yawa. Sifili na rukunin root ne, wato na mai cikakken iko. Lamba 5 kusan kowa ya bar wa tty, rukunin da ke kula da tagogin da ake buga umarni, har ma ana rubuta lambar kai tsaye a wasu fayilolin tsarawa, don haka sauya ta neman wahala ne. A can ƙarshe, 65534 ta waɗanda ba su da izinin komai ce. Ita kuwa 65535 ana ƙaurace mata, domin a zamanin da ake ajiye lambar a gurabe 16 na lissafin sifili da ɗaya, ita ce alamar "babu lamba". Tun daga Linux 2.4 na 2001 an faɗaɗa guraben zuwa 32, amma al'adar ta zauna.

Saura kuwa kowane gida da tsarinsa. Masu haɗa Debian sun ware 0 zuwa 99 don rukunonin da lambarsu ba ta canzawa a kowace kwamfuta, 100 zuwa 999 don waɗanda ake rabawa sa'ad da aka girka sabuwar manhaja, sannan mutane su fara daga 1000. Kamfanin Red Hat ya daɗe yana fara mutane daga 500, sai a fitowarsa ta 7 a 2014 ya koma 1000.

A nan matsalar take. Lamba 8 a Debian ta rukunin mail ce, mai kula da wasiƙu. A littafin Linux From Scratch kuwa 8 ta rukunin disk ce, wanda ke da izinin karanta faifai kacokan, ba tare da la'akari da wanda ya mallaki fayilolin ciki ba. Akwai manhajojin da ake sa wa alama ta musamman don su yi aiki da ikon rukuninsu, ko wane ne ya tayar da su. Ka ɗauki irin wannan manhaja ta wasiƙu, ka kwafo ta da lambarta daga kwamfutar farko zuwa ta biyu: ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikinta ba, amma yanzu tana riƙe da mabuɗin faifai gaba ɗaya. Babu ƙararrawar da za ta kaɗa, domin a wurin kwamfuta 8 dai 8 ce. Irin wannan ruɗani yana faruwa idan an cire faifai daga wata na'ura an jona a wata, ko kwamfutocin ɗakin karatu suna tarayya a ma'ajiyar fayiloli guda.

Saboda haka, a ganina, mai gini ya fara tambayar kansa da waɗanne kwamfutoci tasa za ta yi musayar fayiloli, sannan ya ari jerinsu maimakon ƙirƙiro nasa. Ya kuma yanke shawara tun kafin fayiloli su taru, domin gyara lamba a /etc/group ba ya gyara ta a jikin fayiloli. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da umarnin find da chgrp, kuma wanda aka tsallake zai zauna da tsohuwar lamba har ranar da aka ba wani sabon rukuni ita.

Malamin da ke da kwamfuta mai Linux zai iya nuna wa aji wannan cikin minti biyar. A buga ls -l a ga sunayen rukunoni, sannan a buga ls -n a ga lambobin da ke ƙarƙashinsu, a kwatanta su da abin da ke cikin /etc/group.