Me Ya Sa Tsohuwar Tabar Kyuba Take Tsada?

Tambayar ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Damagaram, yana son sanin dalilin da attajiran Turai ke zuba kuɗi a kan tabar siga da ta haura shekara hamsin a ajiye.

To malam, siga ganyen taba ne zalla da ake naɗewa da hannu, babu takarda. Mafi shahara daga yankin Vuelta Abajo na ƙasar Kyuba take fitowa. Ana adana ta cikin akwatin katako mai riƙe danshi kamar kashi 70 cikin ɗari, don kada ta bushe ta farfashe. Idan ta daɗe haka, kaifinta yakan ragu, ƙamshinta ya kwanta.

Sai kuma tarihi. A 1962 Shugaban Amurka Kennedy ya haramta shigar da kayan Kyuba ƙasarsa, ga shi kafin nan gwamnatin Fidel Castro ta ƙwace masana'antun tabar. Tabar da aka naɗa kafin lokacin kullum raguwa take, kowace aka kunna ta tafi ke nan, shi ya sa take tsada.

Amma tsufa ba ya cire mata guba. Ko ba a haɗiye hayaƙin ba, tana jawo sankarar baki da maƙogwaro. Don Allah, kada tsadarta ta ruɗe ka.