HUKUNCIN MIƘA YARO GA MAI SANA'A DON YA KOYA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani al'amari ne da kusan kowane magidanci a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ya taɓa shiga, watau ɗaukar yaro a kai shi wurin tela ko kafinta ko bakanike ko mai walda, a ce ga amana nan, a koya masa abin yi. Galibi ba a ƙara kome a kan wannan magana. A yi addu'a, a raba goro, kowa ya kama gabansa. Mutane da yawa ba su san cewa abin da suka ƙulla a wannan zama ciniki ne wanda shari'a ta yi wa suna, ta gindaya masa sharuɗɗa ba, kuma rashin sanin nan shi ne tushen yawancin rigimar da a kan yi daga baya.

Da farko ya kamata mai karatu ya san matsayin sana'a kanta. A cikin Muhtasar, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, Shaihu Halilu ya jera ayyukan da su ke farilla ta kifaya, watau waɗanda idan wasu suka yi an ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya bari to laifi ya hau kan duk mai iko. A cikin jerin nan, tare da alƙalanci da limanci da yi wa mamaci sutura, sai ya ambaci sana'o'in da jama'a ba ta iya rayuwa sai da su. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ma haka ya tafi a cikin Ihya'u, har ya kawo misali da noma da saƙa da ɗinki. Alƙur'ani kuwa, a Suratul Anbiya'i aya ta 80, ya ba da labarin cewa Allah da kansa ne Ya sanar da Annabi Dawuda ƙirar sulke, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya kafinta ne.

Sana'o'in da ba a iya rayuwa sai da su kuwa suna sauyawa da zamani. Ƙasar Makarfi ta shahara da rake da mazarƙwaila, Ikara da tumatir, Kudan da Hunƙuyi da noman fadama, har da inabi a 'yan shekarun nan. Manomin rani a yau rayuwar gonarsa tana rataye ne da injin ban-ruwa. Idan injin ya tsaya a tsakiyar rani, ba a kuma sami mai gyara a kusa ba sai an ɗauka an kai Zariya, to kafin a dawo shuka ta sha wuya, watakila bashin da aka ci don taki ya zauna a wuyan mai gona. Saboda haka gyaran wannan inji a irin wannan ƙasa ya shiga cikin farillar da Halilu ya faɗa, kamar yadda ƙirar garma ta shiga a zamanin da. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya fahimci haka sarai, domin a cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da massaƙa, da kuma tabbatar da cewa kowane gari ya sami rabonsa daga cikinsu.

To, sana'a ba ta samuwa sai da malami, kamar yadda Ibnu Haldun ya yi bayani a Muƙaddima. Nan ne maganar ƙulla yarjejeniya ta shigo. Malaman Malikiyya sun sanya wannan mas'ala a babin ijara, watau ɗaukar mutum aiki da lada. Sun ce ya halatta a miƙa yaro ga mai sana'a ya koya masa, ladan koyarwar kuwa shi ne aikin da yaron zai yi masa na shekara ɗaya, ana ƙirgawa daga ranar da ya karɓe shi. Masu sharhi sun bayyana cewa ambaton shekara ɗaya misali ne kawai, ana iya yin biyu ko uku ko fiye, abin da a ke nema dai shi ne wa'adin ya zama sananne ga kowane ɓangare. Ke nan maigidan shago ba alfarma ya ke yi wa yaro ba tsantsa, kuma yaro ba bauta ya ke yi ba. Ɗaya ya sayar da iliminsa, ɗaya ya biya da ƙarfinsa.

Ijara kuwa ba ta inganta sai an san aiki, an san lada, an san lokaci. Duk cinikin da aka bar ɗaya daga cikin waɗannan a duhu ya faɗa cikin garari, watau ruɗu, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Sai mai karatu ya auna wannan da abin da ya ke gani a kasuwa. An kai yaro gareji yana ɗan shekara goma sha biyu, ba a ce zai shekara nawa ba. Ya yi shekara uku yana wanke sifana da ɗebo ruwa da kai cefane gidan maigida. Ya shekara biyar bai taɓa buɗe inji shi kaɗai ba, domin duk ranar da babban aiki ya zo sai a aike shi sayen abinci. A shagon ɗinki ma haka: sau da yawa a kan sakar wa yaro keke ya yi ta taka shi, amma awo da yanka, waɗanda su ne ainihin sana'ar, sai maigida ya yi su da dare ko bayan ya sallami yara, don tsoron kada su iya su buɗe shago kusa da nasa. Wanda ya yi haka ya karɓi kuɗin kaya ne bai ba da kayan ba, gumin yaron nan kuwa bashi ne a kansa. Hadisin Buhari ya ambaci mutum uku waɗanda Allah zai yi husuma da su ranar Alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cif, sa'an nan ya hana shi ladansa. Ladan ɗan koyo kuwa ilimin sana'ar ne.

Amma fa zaluncin ba daga wajen masu shago kaɗai ya ke fitowa ba, kuma adalci ne a faɗi wannan. Masu sharhin Muhtasar sun lura da wani abu mai kyau yayin da su ke maganar yadda za a yi lissafi idan yarjejeniya ta yanke a tsakiya: wahalar koyarwa ta fi yawa a farkon wa'adi, amfanin aikin yaro kuwa ya fi yawa a ƙarshensa. A watannin farko yaro ɓarna ya ke yi, yana karya allura, yana lalata zare, yana cinye lokacin maigida. Sai hannunsa ya faɗa sa'an nan shago ya fara cin moriyarsa. Saboda haka uban da ya janye ɗansa da zarar ya ga ya fara iyawa, ko yaron da ya gudu ya hau babur ɗin haya don kuɗin yau, ko ya tafi Abuja ci-rani ba sallama, to sun ci rabin da ya ke nasu sun gudu da rabin da ya ke na maigida. Haka nan ɗauke yaro duk damina don aikin gona: idan ana son haka, sai a faɗa tun ranar farko, a san yadda za a rama watannin.

Maganin duka wannan abu ne mai sauƙi, watau a rubuta. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashin da aka yanka wa lokaci da kafa shaidu a kansa, koyon sana'a kuwa haƙƙi ne da a ke biya a hankali cikin shekaru. Takarda guda ta isa, a gaban mai unguwa ko limami ko shugaban ƙungiyar masu sana'ar, a ambaci shekarun da za a yi, da abin da yaro zai iya kafin a yaye shi, da wanda zai ciyar da shi, da lokutan da za a sake shi don salla da makaranta. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ita ma ta nemi yarjejeniyar koyon sana'a ta zama a rubuce, ta kuma hana wa'adin ya wuce shekara biyar. Ashe abin da a ke ɗauka baƙon abu ne na Turawa yana nan cikin littattafan zaure.

Maganar makaranta ba ƙarama ba ce. Sanin tsarki da salla farilla ce a kan kowane mutum shi kaɗai, farillar kifaya kuwa ba ta ture ta. Banda wannan, Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai san hukuncin ciniki ba ya yi saye da sayarwa a kasuwar Musulmi. Bakaniken da bai san cewa sa tsohon kaya da sunan sabo algus ne ba, ko telan da ya ɗauki ragowar yadin mutane halalinsa ne, an koya masa rabin sana'a ne kurum.

Akwai kuma wata mas'ala da ta kan haddasa faɗa a shaguna, watau idan kayan mutane suka lalace. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta bayyana cewa mai sana'a shi ke lamunce kayan da aka bar masa ya yi aiki a kansu ba a gaban mai su ba, ko da kuɗi ya yi aikin ko kyauta. Idan shadda ta ƙone a wajen guga, ko injin manomi ya ɓace a gareji, mai shago ne zai biya. Yaron da ke aiki ƙarƙashinsa kuwa amintacce ne a hukunci, ba a ɗora masa biya sai in ya yi ganganci ko sakaci bayyananne. Kuskuren koyo ba sakaci ba ne. Don haka bin iyayen yaro bashin duk abin da ya lalace a hannunsa, ko riƙe shi ƙarin shekara a madadin haka, ba shi da madogara.

Gwamnati ma ta daɗe da shiga wannan fage. An kafa Asusun Horar da Ma'aikata na ITF a 1971, da Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta NBTE mai hedkwata a Kaduna a 1977, da Hukumar Samar da Aikin Yi ta NDE a 1986, wadda ta riƙa tura matasa wurin masu sana'a su koya. A 2025 kuma Jihar Kaduna ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a uku, a Rigachikun da Samarun Kataf da Soba, ta Soba kuwa ita ce mafi kusa da mutanen wannan yanki. Abin da waɗannan wurare suka fi shagon unguwa da shi shi ne sanannen wa'adi da sanannen darasi da takardar shaida, watau sharuɗɗan nan na ijara. Sai dai hukuncin amana yana nan a kan kowa. Jami'in da ya cika sunayen masu koyo da 'yan'uwansa waɗanda ba za su zo ba ya ci amanar dukiyar jama'a. Matashin da aka ba keken ɗinki ko injin walda da sharaɗin ya yi sana'a, ya kai kasuwa ya sayar washegari, ya saɓa alkawari, ya kuma tare gurbin wani mabuƙaci. 'Yan mata da matan aure suna da nasu rabo a wannan koyo, domin Uwar Muminai Zainabu 'yar Jahshi jima da ɗinkin fata ta ke yi da hannunta tana sadaka da abin da ta samu.

Saura maganar ranar yaye. A wasu shaguna an saba iyaye su kawo wani abu ranar da za a sallami yaro, a wasu kuma maigida ne ke haɗa shi da 'yan kayan aiki ko ya tura masa masu kawo aiki har ya tsaya da ƙafarsa. A mazhabar Maliku al'adar da ta zama sananniya a gari tana zama kamar sharaɗi ko ba a furta ta ba, muddin ba ta saɓa wa shari'a ba. Amma kuɗin yaye da ba a san adadinsa ba sai ranar da yaro ya nemi tafiya, sa'an nan a yanka abin da iyayensa ba su iya biya don a ci gaba da riƙe shi, wannan ya koma cikin gararin da aka hana. In za a karɓi wani abu, sai a ambaci adadinsa a cikin takardar nan tun ranar da aka kawo yaron.