Cutar Fakinsan a Yankin Gaya: Alamu da Magani

Cutar Fakinsan ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke rage wa mutum ikon sarrafa motsinsa sannu a hankali. Likitan Ingila James Parkinson ne ya fara bayyana ta a rubuce a 1817, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da ita sun haura miliyan 8.5 a 2019. Tushenta mutuwar wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne masu samar da sinadarin dofamin, wanda ke daidaita motsi.

A Gaya ta Nijar da ƙauyukan bakin kogin Kwara, idan alamun cutar suka bayyana iyali sukan ce tsufa ne, ko sammu, sai a shekara ana rubutu da hayaƙi kafin a je asibiti. Karkarwar da cutar ke kawowa takan fara a hannu ɗaya, lokacin da yake ajiye a cinya, babban yatsa na murza ɗan'uwansa kamar mai jan tasbaha. Amma likitan jijiya ya fi sa ido kan nauyin jiki: taku ya gajarta, hannu ɗaya ya daina lilo a tafiya, murya ta yi ƙasa, fuska ta daskare har a zaci mutum fushi yake, tashi daga sujada ya zama aiki. Wasu ma ba su karkarwa sam. Taurin bayan gida, rashin jin ƙamshi da dambe cikin barci kan riga sauran alamun da shekaru. Hannun da ke rawa sai an ɗauki kofin shayi yawanci wata larura ce dabam, haka kuma magunguna irin su haloperidol da metoclopramide na iya kawo alamu masu kama da Fakinsan.

Yawan shekaru ne babban haɗari. Bincike ya danganta cutar da daɗewa ana cuɗanya da maganin ciyawa na paraquat, abin da ya kamata manoman rake da shinkafa na fadamun Gaya su kula da shi, don feshi ba safar hannu ba takunkumi ya zama ruwan dare. Akwai kuma gado: a 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar a tsakanin ƴan asalin Afirka.

Ba a warkar da ita tukuna, amma levodopa haɗe da carbidopa na mayar da mutum kan harkokinsa shekaru da dama. Ana shan sa a kan lokaci, kamar rabin awa kafin abinci, saboda nama, wake da nono suna rage ƙarfinsa. Yanke shi farat ɗaya haɗari ne. A nan wahalar take, domin galibin likitocin jijiya suna Yamai, tafiyar kusan kilomita 300, kuma rufe gadar kan iyaka ta Malanbil a 2023 ya dagula hanyar kaya daga Kwatano. Wanda maganinsa ya ƙare kan nufi tebur ɗin kasuwa ko ya tsallaka iyaka zuwa Kamba, ya sayo abin da ba a san ingancinsa ba. Gara a nemi takardar turawa daga asibitin Gaya zuwa Doso ko Yamai, a tanadi na wata mai zuwa a farmasi tun na hannu bai ƙare ba, a kuma riƙa tattaki kullum.